Sharhi kan takardun bayanin wata manhajar haɗa wakilin AI da fayil ɗin majiyyata

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a kwanakin baya wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kano ya nemi in haɗa masa mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, wato wakilin AI, da rumbun bayanan majiyyatansa, domin likita ya riƙa tambaya a rubuce maimakon ya zauna yana buɗe shafi bayan shafi. Na ɗauko wata manhaja ta kyauta da ke bin tsarin MCP, hanyar haɗa AI da wasu manhajoji da bayanai, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, kuma tana ɗebo bayanai ta FHIR, ƙa'idar musayar bayanan lafiya ta ƙungiyar HL7, bugu na R4. Na yi mako uku ina gwada ta, ban taɓa fayil ɗin mutum na gaskiya ba. Na yi amfani da majiyyatan ƙirƙira na Synthea, manhajar da ke samar da bayanan majiyyatan da babu su a zahiri, sannan na ƙara wasu da hannuna masu sunayen Hausa.

Ɓangaren takardun bayanin manhajar da aka rubuta domin ɗan Adam ya yi kyau, ba ni da ta cewa. Matakan girka manhajar a jere suke, misalan da aka bayar suna aiki yadda aka rubuta su, kuma an faɗa tun a shafin farko cewa karatu kawai take yi, ba ta sauya komai a fayil sai an buɗe mata wannan ƙofa da gangan. Kafin la'asar ɗin ranar farko na gama haɗa komai.

Sai dai shi wakilin AI ba ya ganin waɗannan shafuka. Abin da ke isa gare shi game da kowane kayan aiki, wato kowane aiki da manhajar ke ba shi damar yi, abu uku ne: suna, ɗan gajeren bayani, da siffar abin da zai aika. Ni idan bayani ya gaza zan gwada, zan tambayi abokin aiki, zan koma ga ƙa'idar FHIR in karanta. Shi kuwa cike giɓin yake yi da zato, kuma ya faɗi zaton nasa da cikakken tabbaci, a nan ne na ga raunin wannan manhaja.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kayan aikin da ke duba magungunan da jikin majiyyaci ba ya karɓa. Bayaninsa jimla ɗaya ce tak, kuma bai ce komai ba a kan ma'anar amsar da ta dawo babu komai a ciki. Na tambayi wakilin ko za a iya bai wa wata majiyyaciyar ƙirƙira penisilin, amsa ta dawo wayam, sai ya ce ba ta da matsala da kowane magani. Alhali a tsarin FHIR akwai bambanci tsakanin fayil ɗin da ba a rubuta komai a cikinsa ba da wanda aka tambayi majiyyaci aka rubuta cewa ba a san yana da wata matsala ba, har akwai lamba ta musamman a kundin kalmomin likitanci na SNOMED CT domin na biyun. Duk wanda ya san yadda ake cike kati a asibitocinmu ranar da layi ya kai bakin ƙofa ya san cewa gurbin da aka bari fanko yawanci yana nufin ba a samu damar tambaya ba ne.

Gwajin sukarin jini ma ya nuna irin wannan. Bayanan Synthea da mg/dL suke, yayin da da yawa daga ɗakunan gwaje-gwajenmu ke rubutawa da mmol/L, kuma tsakaninsu akwai ninki kusan 18, wato 126 a wancan ma'auni daidai yake da 7.0 a wannan. Bayanin bai umarci wakilin ya duba ma'aunin ba, don haka da na cakuɗa sakamakon sai ya jera lambobin ya ce sukarin mutumin ya faɗi warwas. Haka nan ba a gaya masa cewa rumbun yana kawo sakamako shafi-shafi ba, sai ya karanta shafin farko ya ɗauka ya ga tarihi duka, ba a kuma ce ya tsallake gwajin da aka yi wa alamar an shigar da shi bisa kuskure ba.

Neman majiyyaci da suna kuwa, da na saka Aisha Muhammad guda huɗu, biyu daga cikinsu da ranar haihuwa 1 ga Janairu kamar yadda ake rubuta wa wanda bai san ranarsa ba, sai ya ɗauki ta farko ya ci gaba, domin babu inda aka ce masa ya tsaya ya nemi lambar kati.

Na sake rubuta bayanan kayan aikin da kaina, kowanne da ma'anar amsa fanko, da ma'auni, da lokacin da ya wajaba a koma wa likita da tambaya, ban taɓa ko layi ɗaya na ita manhajar ba, kuma yawancin kurakuran sun daina fitowa. Kayan aikin duba magungunan ne kaɗai na kashe har yanzu, sai likitan ya zauna tare da ni mun bi amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya.