Tabarau mai tare shuɗin haske: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Tabarau ɗin nan da ake cewa yana tare shuɗin hasken kwamfuta ya cika Legas. Masu shagon kayan waya sun rataye shi, a WhatsApp ma ba a rasa mai tallarsa da alkawarin cewa da zarar ka ɗora shi a hanci ciwon ido ya ƙare. Na saya, na yi watanni ina aiki da shi, kuma tunda 'yan'uwa a Agege suna ta tambayata ko su ma su saya, gara in faɗi abin da na gani.

Sana'ata tsara shafuka ce a wata maɗaba'a a Shomolu: katin biki, kalanda, fosta, littafin rasit. Aiki ne na ƙananan haruffa da lura da launi, kuma in shekara ta zo ƙarewa, oda takan kai mu har dare. Da la'asar ta yi sai idanuna su fara yaji kamar an watsa musu yashi, rubutu ya koma dishi-dishi. In na ɗago na kalli bakin ƙofa, sai na ɗan jira kafin gani ya daidaita. Ciwon kai kuwa yakan tsaya mini tsakanin girai, ya raka ni cikin danfo har gida.

A wani shago a Ikeja na saya. Yaron shagon, ɗan Arewa ne mai ladabi, ya fito da wani ɗan farin kati da fitila mai kama da biro. Ya haska katin, wurin ya rine ya yi duhu. Ya sa gilashin a tsakani ya sake haskawa, katin bai canza ba. Ya ce, "Ka gani ko, Yallaɓai? Haka yake tare wa ido." Na yarda cewa shi ma ya gaskata abin da yake faɗa. Sai dai a ma'aunin nanomita, wanda ake bambance launukan haske da shi, hasken irin wannan fitila yana wajen 405 ne, dab da hasken ultrabayolet da ido ba ya gani, shi kuwa shuɗin da allon kwamfuta ke fitarwa ya fi ƙarfi a wajen 450. Gwajin ya nuna gilashin yana tare hasken fitilar. Bai nuna yana tare na allo ba, balle ya nuna cewa tarewar za ta hana ido gajiya.

Zan ba shi haƙƙinsa. Ba shi da nauyi, bai matse mini kunne ba, kuma shafen da ke jikin gilashin ya rage ƙyallin doguwar fitilar da ke saman kaina. Wannan kaɗai na ji daɗinsa. Amma yana rina komai da ɗan ruwan ɗorawa, fari ya koma ruwan madara, kuma ga mai aiki irin nawa wannan matsala ce babba. Uwar amarya ta kawo ƙyallen anko ta ce launin katin ya dace da shi, dole in cire tabarau kafin in yanke hukunci. Yana kuma saurin karcewa, ga zufar Legas tana dusashe shi, kullum kana cikin gogewa. Babban abin da na saye shi dominsa kuwa bai samu ba. Yaji yana nan, ciwon kan la'asar yana nan.

Ba ni kaɗai ba ne ashe. A shekarar 2023 masana na ƙungiyar Cochrane mai tattarawa da tace sakamakon binciken lafiya, ƙarƙashin jagorancin masu bincike a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, sun tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a ƙasashe shida a kan mutum 619. Ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen gajiyar ido tsakanin masu sa irin wannan gilashi da masu sa gilashi na yau da kullum. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar a saye shi don aikin kwamfuta. Shuɗin hasken da rana ke zubo mana a tashar Oshodi da tsakar rana ya ninka na allo nesa ba kusa ba.

Sauƙi ya zo mini ne daga gwajin ido da na je aka yi mini a wani asibitin ido, kuma wannan hidimar ce nake yaba wa da zuciya ɗaya. Likitar ta sa na karanta haruffa na nesa da na kusa, ta yi ta sauya gilasai a gaban idona tana tambayar wanne ya fi, sannan ta auna ƙarfin ruwan cikin ido. Ta gano abu biyu. Gaban idona bai lanƙwashe daidai ba, abin da suke kira astigmatizim, ga kuma raunin ganin kusa da ke fara kama mutum in ya doshi shekara 40. Ke nan duk yini tsokar idona na ta kokawa don haruffa su fito sarai. Gilashin da na sayo a shago ba shi da wani awo, ba yadda za a yi ya ɗauke wa ido wannan nauyin.

Wani abin kuma da ta bayyana mini shi ne ƙiftawa. A zaman hira mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya ƙura wa allo ido, adadin yakan faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka, sai ɗan ruwan da ke lulluɓe da ido ya bushe. Daga nan yajin ke fitowa. Ni kuwa akwai fankar tsaye da ke hura mini iska kai tsaye a fuska, saboda zafin injuna da na janareta a shagon ba ya barin mutum ya zauna haka nan. Na juya ta tana dukan kafaɗata. Na sauke allon daga kan kwalin takardu da yake kai, gefensa na sama ya dawo daidai da idona, na kuma tura shi baya kamar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa 70. Na rage haskensa ya yi daidai da na ɗakin, na ƙara girman rubutu maimakon in riƙa kai fuskata gaba.

Akwai ƙa'idar da ake kira 20-20-20: duk bayan minti 20, ka kalli wani abu mai nisan ƙafa 20, wajen mita 6, na daƙiƙa 20. In aiki ya yi zafi, mai oda yana tsaye a kanka, wuyar kiyayewa gare ta. Abin da ya fi yi mini sauƙi shi ne in ɗaura ta a jikin aikin: duk shafin da na gama, sai in kalli rufin shagon da ke tsallaken titi kafin in buɗe na gaba. Fita sallar azahar da la'asar ma hutu ne na gaske ga ido, muddin mutum bai zaro waya a hanyar masallaci ba.

Kan maganin ɗigawa ina roƙon 'yan'uwa su yi hattara. Hawayen roba da likita ta rubuta mini yana jiƙa ido ne kawai, kuma ya taimaka sosai, musamman da hunturu ya leƙo a watan Disamba. Amma shiga kemis a ce "ba ni na jan ido" haɗari ne. Wasu daga cikin magungunan nan suna ɗauke da sitiroyid, wanda in aka daɗe ana ɗigawa yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido ya jawo gilakoma ko yanar ido. Gilakoma ba ta sallama, tana cin gani a hankali ba tare da ciwo ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa awo.

Wanda idonsa lafiya lau, ƙyallin fitila kawai ke damunsa, kuma aikinsa bai shafi launi ba, yana iya sayen tabarau ɗin shago, ba zai cuce shi ba. Wanda ke fama da ciwon kai da dishi-dishi kuwa, ya kai kuɗin wurin gwaji. Kafin ya tafi, ya sa tef ya auna tazarar da ke tsakanin idonsa da allonsa a inda yake zama, ya faɗa wa likita. Gilashin karatun littafi an yi shi ne don tazarar kusan santimita 40, allo kuwa ya fi haka nisa, kuma da wannan awon ne aka yanka mini wanda nake aiki da shi yanzu.