Kafin ka sayi kondansater na baf ɗinka, duba wanga

Ƴan uwa masu son sauti a gida, in baf ɗinka, wato akwatin lasifika, ya fara magana kamar mai mura, siririyar murya ta dushe, kalangu ba ya fita tas tas, kada ka yi saurin cewa tuwita, ƙaramar lasifikar nan mai fidda siririn sauti, ta mutu. Kwance bayan akwatin ka duba ɗan allon nan da masu gyara ke ce ma filtir. Shi ke raba sauti, kondansater na tura siririn sauti wajen tuwita, bobin na barin mai kauri ya wuce wajen bumar, wato babbar lasifika, rezistans kuma na rage ma tuwita ƙarfi don kada ta danne sauran. Baf ɗin gwanjo da ake kawo muna nan Yamai daga Turai wasu sun shekara 30 ko 40, lasifikar da ke ciki garau take, kondansater ɗin ne ya gaji.

Wanda kamfani ya fi sawa shi ne shimik, mai ruwa-ruwa a ciki, kuma ruwan nan bushewa yake. Ƙa'idar ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansa biyu, to kai ka san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu da Mayu lokacin da waje ma ya wuce digiri 40. In ya bushe awonsa ya kauce, wurin da yake raba sautin ma ya kauce. Sabon shimik araha gare shi, ina sa shi gefen bumar kawai inda ake son babban awo kamar mikrofarad 47 ko 100, kuma sai mai NP ko BP a jikinsa, wato wanda ba shi da gefen ƙari da na ragi. Mai alamar ragi a gefe na cikin ampili ne, ba na filtir ba.

Ni dai nawa MKP ne, na ledar polipropilen, ba na ɓoyewa. Babu ruwa cikinsa balle ya bushe, awonsa ba ya wuce kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa alhali shimik na iya kaucewa har kashi 20 tun yana sabo, abin da ya sa za ka ji baf na dama da na hagu ba su magana da murya ɗaya. Solen, Jantzen na Danmak, Mundorf da Wima na Jamus duka suna yinsa, in kana da mai zuwa daga waje ka ba shi saƙo. In babu, ga wani sirri, kondansater na fanka mai CBB61 a jiki shi ma polipropilen ne, volt 450, kuma duk mai saida kayan wuta a Katako ko Wadata ya san shi. Guda biyu na mikrofarad 2.5 in ka haɗa su gefe da gefe, ƙafa da ƙafa ta kowane ɓangare, sun ba ka 5, haka na yi ma baf ɗin falona shekara uku ke nan ban sake buɗe shi ba. Abu ɗaya, MKP ba ya rage ma wuta ƙarfi kamar tsohon shimik, don haka tuwita na iya ɗan ƙara kaifi, in ya dame ka sa rezistans ta rabin om a layinta. Kuma awon da ka cire shi za ka maida, mikrofarad 4.7 a kan tuwita mai om 8 yana yankewa wajen haz 4200 (haz awon sirantar sauti ne), in ka ƙara girma don son ƙara sai sauti mai kauri ya shiga tuwita ya ƙone ta.

MKT na poliyesta ba laifi in shi ka samu. Masu mai da azurfa a ciki da ake saida guda ɗaya kuɗin buhun shinkafa, na masu kuɗin banza ne. Filtir haɗaɗɗe na kanti kuwa bai san lasifikarka ba, bar musu abinsu.

Bobin ba ta tsufa, in ba ta ƙone ba ƙyale ta.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubutun nan, jabu. Wallahi an ci ni. Wani mai shago ya ɗauko mini guda huɗu manya masu rubutun zinariya, yana ta "Alhaji wannan orijinal ne, kwantena ɗaya ta shigo", na ba shi jikka 12, na liƙa da dalma, sauti ya fi na da muni. Da na kai ma wani dattijo mai gyaran rediyo ya sa mita, ya ce "ɗana, wanga ko rabin abin da an ka rubuta bai kai ba", ya fasa ɗaya da filaya sai ga ɗan mitsitsin shimik a tsakiya an cika sauran gwangwanin da danƙo. Tun ranar ba na sayen kondansater sai da mita mai auna mikrofarad a aljihuna, a gaban mai shagon nake aunawa, in ya ɓata fuska na san akwai abin da yake ɓoyewa. Duba rubutun da kyau, na jabu in ka goga da yatsa mai ɗan gumi gogewa yake. Duba ƙafafun, in akwai tsohuwar dalma ko an lanƙwasa su to daga wani allo aka ciro shi aka wanke. MKP mai mikrofarad 10 ba ya zama ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, in ka gan shi haka ƙarya ce. Har bobin ma suna yi, wayar alminiyum a shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare bakin wayar da reza in ka ga fari a ciki aje musu, kuma ba ta da nauyi a hannu.

Kafin ka cire komi ɗauki hoton allon da salula, ka gyara baf ɗaya tukuna ka bar ɗayan yadda yake, sannan ka sa waƙar da kunnenka ya saba da ita kana juya balans dama da hagu.