Faranti Babu Nama a Ilupeju

Daga Idi-Araba zuwa Ilupeju, unguwar da Indiyawan Legas suka fi yawa, ba nisa. Gidajen abincinsu na masu ƙaurace wa nama sun cancanci a leƙa, ko don a fahimci addinin Hindu ta bakin tukunya. Aƙidar ahimsa, wato kada a cutar da mai rai, ita ce ta hana nama, saniya kuwa girmama ta suke yi. Wannan tausayin ke jan mutanen wasu addinai.

A nemi thali: faranti ɗaya ɗauke da shinkafa, miyar dal mai kama da faten wake, gurasar chapati, ganye da kindirmo. Paneer, wato cukunsu na madara, tamkar wara ce, ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Chapati dai a ci da zafinta, in ta huce sai ta zama kamar fata. Yajin ma ba wasa, kindirmon ne maganinsa, ruwa ba ya kashe shi.

Musulmi ya lura da abu guda: prasad abinci ne da aka fara miƙa wa abin bautarsu kafin a raba, musamman lokacin bikin Diwali, tsakanin Oktoba da Nuwamba. A tambayi mai hidima tukuna ko abincin prasad ne.