Fentin ruwa mai araha da na shafa wa gidana, tauraro biyu na ba shi

Jama'a bari in faɗa muku abin da na gani da wannan emolshan ɗin mai araha na bokiti mai lita 20, ba zan kama sunan kamfani ba. Bara gab da ƙaramar sallah na sayi bokiti huɗu a wani shago nan Kano, mai shagon ya ce min Alhaji wannan ciki da waje duk yana yi. Ranar da aka shafa kam ya yi kyau, ya bushe da wuri, ba wari sosai, cikin ɗakuna har yanzu ba laifi, shi ya sa ma ya samu tauraro biyun.

Amma waje fa, damina ɗaya tak. In ka jingina da bango rigarka ta yi fari fat, gefen gabas inda ruwa yake duka kuwa saɓa yake yi kamar maciji, kullum uwargida in tana shara sai ta tara ɓarɓashinsa, wanda tsintsiya ba ta kwashe ba ruwa ya ja shi kwata.

Ni da asarar kuɗina kawai nake gani, sai ƙanena da ya karanci kemistiri ya ce Yaya ka san wannan roba ce kuwa? Ya ce abin da ke riƙe fenti a bango akirilik ne ko binil, dangin roba ne, mai araha an cika masa alli an rage maɗaurin shi ya sa yake saki da wuri, kuma in ya faɗi ba ruɓewa yake ba, dagargajewa yake ya koma ƙasa da milimita 5 har ya kai wanda ido ba ya gani. Ya nuna min rahoton wata cibiyar binciken muhalli ta Suwizalan mai suna Environmental Action na 2022, sun ƙiyasta fenti wajen tan miliyan 1.9 ke shiga teku da koguna duk shekara, kashi 58 cikin 100 na ƙananan robobin da ke shiga ruwa, wallahi jikina ya yi sanyi don mu kwatarmu kogin Jakara take gangarawa, ruwan da masu lambu ke ba latas da alayyahu da shi har ya kai dam ɗin Wasai. Sannan na tuna mai fentin ma a bakin kwatar ya wanke rola da burushi, ruwan ya yi fari kamar nono, ga ƙurar da ya tayar da samfefa yara suna wasa a tsakar gida.

Yanzu dole a kankare. Na gaya wa wanda zai yi aikin sai ya shimfiɗa tamfol, ya jiƙa bangon kafin ya goge, a tattara ɓarɓashin a buhu. Katangar waje kuma farar ƙasa zan shafa ko da duk shekara sai an sabunta, jikin gidan in tara kuɗi in sayi wanda aka yi shi don waje. Wannan bokitin dai kar wanda ya shafa shi inda ruwa ke taɓawa.