Wasiƙa daga Jidda zuwa ga Baffa magini

Assalamu alaikum Baffa. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da su Inna da duk mutan gida. Ya ƙafar taka? Allah Ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso ni, inda ka ce idan Allah Ya nufe ka da zuwa Umara, bayan ibada kana so in zaga da kai ka ga ginin mutanen nan, kuma in faɗa maka tsarabar da ta ci kuɗinta. Wallahi na ji daɗin tambayar, don na daɗe ina neman wanda zan yi wannan hirar da shi.

Bari in fara da abin da ya fi taɓa min zuciya. A 2025 an yi baje kolin fasahar Musulunci a nan Jidda, ƙarƙashin manyan rumfunan saukar alhazai na filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Karo na biyu ke nan, na farkon a 2023 aka yi. A lokacin shiga kyauta ce, tikiti kawai aka riƙa yanka ta waya. A can aka rataye rigar Ka'aba sukutum, kuma ba a taɓa nuna ta cikakkiya a wajen Makka ba sai lokacin. Baffa, na yi ɗawafi ba adadi, amma a cikin turmutsutsu wa ke iya ƙare wa ɗinki kallo? Ranar na tsaya dab da ita har ina bin sawun allura da ido. Haruffan nan da muke hangowa sun taso, ashe zaren auduga ake fara jerawa a ƙasa har ya yi tudu, sannan a rufe shi da zaren azurfa da wanda aka shafe da zinare, sili kusa da sili, duk da hannu. Baƙin yadin ma ba fili ba ne, akwai rubutu a cikin saƙar, baƙi a kan baƙi. Siliki wajen kilo 670 ke shiga riga ɗaya, ɗamarar da ta zagaye ta kuwa tsawonta mita 47. A da daga Masar ake kawo ta. Sarki Abdul'aziz ne ya buɗe gidan ɗinkinta a Makka a 1927. Yanzu a unguwar Ummul Jud ake yin ta, kuma maɗinkan ma'aikata ne masu albashi. Ni da na tashi a kan aska takwas da ɗinkin hula, na san ciwon wuya da na ido da ke cikin kowane taƙi na aikin nan. Sai na tuna maɗinkanmu da ke wata uku a zaure kan babbar riga ɗaya, dillali ya zo ya kwashe ribar. Hannun dai iri ɗaya ne, Baffa.

A wurin an kawo tsofaffin littattafai daga cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu, har fadar Fafaroma ma ta ba da aron wasu kayan tarihi. Kowane littafi na cikin akwatin gilashi, an rage masa haske, an daidaita masa sanyi, ga bayaninsa a gefe da Larabci da Turanci. Ina tsaye sai Alƙur'anin Kaka ya faɗo min, wanda ke cikin gafaka a saman katanga, da jan wasali da zayyanar kowane hizbi. Na rantse zai zauna a cikin waɗannan ba tare da kunya ba. Don Allah a sauke shi a duba, kada gara ko laimar damina su riga mu.

Kai kuma na san Balad ce za ta riƙe ka, wato tsohon garin Jidda, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina gidajen, ana ɗora 'yan layuka sai a shimfiɗa katako a tsakani don ya ɗaure bangon, a sake ɗorawa, har hawa huɗu ko biyar. Tagoginsu na katako ne masu sassaƙa, sun turo waje, ana ce musu rawashin: iska na shiga, matan gida na ganin titi, na waje ba ya ganinsu. Aikin da zaure da shigifa ke yi mana ke nan, su suka yi shi da katako. Za mu shiga Baitu Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Akwai tsohuwar darbejiya a ƙofarsa, kuma ana cewa don raƙumi ya hau da kaya aka yi matakalarsa da faɗi haka. Da daddare ake zuwa, an kunna fitilu, ga masu gadi, ga banɗaki mai tsabta.

Sau ɗaya na je Dir'iyya kusa da Riyad, unguwar Turaif, tushen gidan sarautarsu, wadda sojojin Ibrahim Basha na Masar suka rusa a 1818. Baffa, ginin ƙasa ne zalla, da ƙasa da ciyawa kamar namu. Mutane daga Turai da Asiya suna ta ɗaukar hoton bangon laka! Ni kuwa na ce a raina, wanda ya ga bakan gizo na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ko ya ga zanen da kake fitarwa a fuskar soro, ba zai yi mamakin wannan ba. Gaskiya su ruwan sama bai dame su kamar mu ba. Amma ba damina kaɗai ta cinye badalar Kano ba, mu muka ɗebi ƙasarta muka yi gini a kanta. Abinci a gefen Turaif akwai tsada ƙwarai, da guzurinmu za mu je.

Kada kuma ka ɗauka komai nasu sun adana. A Makka tsofaffin gidajen da ke kewaye da Harami sun tafi, har ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa an rushe ta a 2002, inda dogon benen agogon nan yake yanzu. Dattawan Hausawan Makka suna ba da labarin lungunan da suka tashi a ciki, yau ko alamarsu babu. Wani abin da ba na so shi ne komai sai da waya, daga tikitin jirgin ƙasa na Haramaini har izinin shiga Rauda. Dattijon da ba shi da mai taya shi yana wahala. Wannan ka bar min shi. Hijir kuwa, garin mutanen Annabi Salihu mai kaburburan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, ana ta kai baƙi yanzu, amma ka san hadisin da ya ce kada a shiga sai ana kuka, don haka ka tambayi Malam kafin mu sa shi a lissafi.

Batun tsaraba, carbi da darduma da zoben da ke shagunan bakin Harami, ka juya bayansu za ka ga yawanci daga Sin ko Turkiyya suke, irinsu na nan a Kantin Kwari da Kurmi. Ka sayi dabinon ajwa a Madina, da turare mai kyau, da Alƙur'ani bugun Madina, rubutun hannun Usman Ɗaha. Sauran kuɗin ka riƙe abinka.

Ni ma ina da roƙo. A Shara Mansur ta Makka mutanenmu na neman hula ɗinkin hannu ta gida ido rufe, ta inji ta ishe su. Ka taho min da goma, kalar da ba ta da hayaniya. Sannan ka sa yara su ɗauki hoton duk gidan da ka yi wa zane da ke tsaye har yanzu, da na cikin gari da na ƙauye, a rubuta shekarar kowanne idan ka tuna. Akwai wani Bahijaze mai sassaƙa rawashin da nake ba shi labarinka, ya ce yana so ya gani da idonsa. A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafarka na hannun mai zuwa ranar Laraba.