Ƙarar ƙafar mota a kwana: abin da na gani a Birmingham da abin da na sani a Zariya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da su Anti da yara. Na ji bayaninka a kan motar, cewa tana ƙas-ƙas-ƙas in ka sha kwana, kuma ƙarar ta fi fitowa in ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka taka totur.

Wannan kan shaf ne na waje, wanda ke jikin taya. Akwai robar da ta rufe shi tana riƙe giris. In ta yage sai giris ya fice, ƙasa ta shige, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Ka leƙa bayan tayar gaba, in ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin rim, ka gama gano ciwon. Boljoyin (mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota) da linkej da bushin ba sa irin wannan ƙara mai jerewa, su gum ɗaya suke yi in taya ta faɗa rami ko ta hau bamp. In mota na tsaye kana juya sitiyari ka ji ƙara daga sama, boris ɗin kan shokazoba ne. Boris ɗin taya kuwa gurnani yake yi a babban titi, in ka karkata hagu ya ƙaru to yawanci na dama ne, don nauyin can yake komawa.

A nan Ingila ba a barin abu ya kai haka, kuma ba don sun fi mu son mota ba. Doka ce. Duk motar da ta cika shekara 3 sai an kai ta gwajin MOT kowace shekara, kuɗinsa bai wuce fam 54.85 ba, tuƙi babu shi kuma tarar na iya kaiwa fam 1,000. Ana ɗaga motar sama, a girgiza kowace taya, a haska ƙarƙashinta lungu-lungu. Robar shaf in ta yage har datti na shiga, motar ta faɗi gwajin. Abin da ya fara lalacewa amma bai kai ga faɗuwa ba sai a rubuta shi a matsayin gargaɗi. Kuma duk mai son sayen motar, da lambarta kawai zai ga tarihin nan a intanet. Wallahi wannan tsari ya burge ni, na so a ce muna da irinsa.

Amma gyaran kansa, gaskiya ina kewar gida. A nan sai ka kira gareji sun ba ka rana, wani lokaci mako mai zuwa. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, har dubawar ma wasu sai ka biya. Saboda tsadar hannu, ba mai zama ya kwance kan shaf ya wanke ya sake masa giris. Shaf ɗin gaba ɗaya za a cire a sa wani. A Zariya kuwa, mai gyaran ƙafa ya shiga motarka ku zaga daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, kafin ku dawo ya faɗa maka wace taya ce, kuma kafin la'asar ka ɗauki motarka. Kunnen makanikanmu ba abin rainawa ba ne. Mutum ne da ya taso tun yana yaron gareji yana jin ƙarar motoci a kan hanyoyin da damina ta farfasa.

Inda suka yi mana nisa shi ne kaya. A nan da lambar mota ake odar sifiya, ta iso ranar ko washegari, da rasit, da garanti yawanci na shekara guda. Mu kuwa ko a Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, sayen sa'a ne. Sabon kwali mai kyau, wata biyu ƙarar ta dawo. Shi ya sa kowa ke gudu wajen 'yan Beljiyam. To Yaya, ni yanzu ina zaune a irin ƙasashen da kayan ke fitowa. Lokacin sanyi gishiri ake watsa wa tituna don ƙanƙara, yana cin ƙarƙashin mota sosai, har sifirin na karyewa. Beljiyam na da kyau in an zaɓa, amma ka duba tsatsa, ka duba robar, ka murɗa kan shaf ɗin da hannunka ka ji ko ya yi sako-sako.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne dabarar da wasu ke yi wa boljoyin, a bubbuge shi da guduma ko a cusa masa roba don ya daina ƙara. Ƙarar ta tafi, ciwon na nan. Ka sha ganin mota a gefen hanyar Kaduna tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi. Boljoyin ne ya tsinke. Kai kuma da yara kake bin hanyar nan. Don Allah in an ɗaga motar a jak, ka sa a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, a kuma kama gefe da gefe. Motsin sama da ƙasa boljoyin ne ko boris, na gefe tayarod ne, sandar da ke juya taya daga sitiyari. In an canza tayarod ko boljoyin, a yi alaimen ranar, kada tayoyin su cinye gefe guda.

A duba robar shaf ta ɗaya ɓangaren ma, tunda shekarunsu ɗaya. Ka turo mini lambar chasis da shekarar motar. Akwai wani ɗan Samaru da zai zo gida bayan Sallah, zan ba shi robobin shaf da boljoyin biyu ya kawo maka. Shi kan shaf ɗin kada ka jira ni, a canza shi wannan makon.