Millennium Park na Abuja: wuri ya yi kyau, amma ya yi wa talaka nisa

Jama'a masu tambayar inda za su kai yara su sha iska a Abuja ba tare da aljihu ya yi kuka ba, ni dai Millennium Park zan ce muku, wanda ke Maitama kusa da Unity Fountain da otal ɗin Transcorp Hilton. Shi ne wurin shaƙatawa mafi girma a birnin, wajen hekta 32, kuma ba a karɓar kuɗin shiga. A garin da komai sai ka zaro kuɗi ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sarauniyar Ingila Elizabeth ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003 zamanin Obasanjo, lokacin da aka yi taron ƙasashen Commonwealth a Abuja, kuma wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ne ya zana shi. Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Akwai rafi da ya ratsa wurin ya raba shi gida biyu, ɓangare ɗaya an bar shi da itatuwa da ciyayi kamar daji, ɗayan kuma an gyara shi tsaf da doguwar hanya miƙaƙƙiya ta farin dutse da wuraren da ruwa ke tsartuwa sama, kana tafiya kana hango Dutsen Aso a gabanka. Yara kam da sun ga filin ciyawar nan shikenan ba ka sake jin kansu, gudu kawai, kai kuma ka shimfiɗa tabarma a inuwa ka huta, ga masu ɗaukar hoto ga amare da angwaye ana ta gyara tsayuwa, ga ɗalibai sun zauna rukuni rukuni, kowa da harkar gabansa babu mai takura wa wani.

Shawarata ku taho da tabarmarku da ruwan sha da abincinku daga gida, kuma in lokacin zafi ne wajen Maris da Afrilu ku bari sai bayan la'asar. Ranar sallah ko kirsimeti kuwa cika yake yi maƙil, mai ƙananan yara ya riƙe hannunsu da kyau.

To wannan cikar ita ce ke damuna wallahi. Mutanen da ke cika wurin nan yawancinsu ba 'yan Maitama ba ne, ɗan Maitama ai yana da fili a cikin gidansa. Daga Nyanya suke, da Karu, da Kubwa, da Lugbe, wasu ma tun daga Mararaba ta jihar Nasarawa. Magidanci mai mata da yara biyar in ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa yanzu da man fetur ya yi tsada, ga shi ba a barin acaba a tsakiyar birni, sai ka ga kyautar ta tashi daga kyauta. Shi ya sa sai shekara shekara suke zuwa. An tsara Abuja ne tun 1979, gwamnati ta tare a 1991, amma jama'ar da ta kwararo daga baya ba a tsakiyar birni ta zauna ba, a gefe ta zauna inda haya ke da sauƙi, wurin hutawar kuma yana nan inda aka ajiye shi tun farko.

Kuma ba wai ba a ware filaye ba ne. Tsarin birnin ya bar wurare da dama don itatuwa da shan iska, sai dai da yawa daga cikin ƙananan da ke unguwanni sun koma abin da ake kira gadin, wato wurin gasa kifi da shaye-shaye da kiɗa har dare. Mai son hakan ya samu nasa, amma uwa ba za ta kai 'yarta mai shekara 6 can ba, dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini shi ma ba can zai je ba. Lokacin da aka rufe Millennium saboda korona a 2020, wanda sai a 2022 aka sake buɗewa, nan aka gane cewa iyali ba su da wani zaɓi mai yawa.

Ni abin da nake roƙon hukumomin babban birnin shi ne ba sai an yi wani ƙato irin wannan da dutsen Italiya ba. A samu fili madaidaici a Kubwa da Nyanya da Lugbe, a dasa darbejiya da mangwaro, a sa benci, da banɗaki mai ruwa, da ɗan wurin alwala da salla, da fitila da mai gadi, a bar gefe guda samari su buga ƙwallo tun kafin a yanka filin a sayar a yi shaguna. Wurin da mace za ta iya takawa da ƙafa da goyonta ta je ta dawo kafin magariba.

Shi kansa Millennium na ba shi huɗu cikin biyar. In za ku je ku zaɓi ranar aiki da yamma, ya fi sakewa.